Duron da Balarabe Bai Ƙona Ba

A wani ƙauye da ke tsakanin Ƙofa da madatsar ruwa ta Tiga, an yi wani magidanci mai suna Balarabe. Ba mugu ba ne, ba kuma rago ba ne, don in dai wajen fara aiki ne, babu wanda ya kai shi zafin nama a garin. Aibinsa guda ne, ba ya iya jiran ƙarshen abu. Katangar gidansa ta yi shekaru tana jiran yaɓe. Rumbunsa an ɗora masa jinka amma ba a ɗaure ta ba, duk iskar da ta taso sai an bi ta gidan maƙwabta an ɗauko. In ka tambaye shi ina labarin aiki kaza, amsarsa ba ta canzawa: "Ai saura kaɗan." Da haka mutane suka laƙaba masa Balarabe Saura-Kaɗan, shi kuma yana dariya yana amsawa, don bai taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

Matarsa Asibi ita ce take riƙe da gidan, ko da yake ba za ka taɓa jin haka daga bakinta ba. Abin da Balarabe yake nomawa ba ya kai su bazara, sauran shekarar kuwa bandar kifinta ce take ɗora tukunya. Tun 'ya'yanta suna goye take wannan sana'a, har suka girma, matan suka yi aure, namijin ya tafi neman na kansa, gida ya koma daga ita sai maigidan. Masunta su kawo mata tarwaɗa da karfasa daga Tiga, ta gyara su, ta wanke da gishiri, ta naɗe tarwaɗar ta soke da tsinke, ta jera a kan raga bisa murhun ƙasa da ta gina da hannunta a bayan ɗaki. Daga nan sai zama. In wuta ta yi harshe ta yayyafa mata ruwa, in ta yi sanyi ta tura ice, fuskarta a cikin hayaƙi tun hantsi har rana ta yi sanyi.

Hayaƙin nan ne ya ci idonta a hankali. Da farko ja da ƙaiƙayi ne, sai hawaye da ba ya tsayawa, har ta kai zare ma ba ta iya zura shi a allura. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Balarabe ya kai ta asibitin ido a Kano. Likitan ya daɗe yana haska mata fitila, sannan ya ajiye ya ce, "Iya, na hagun ya riga ya yi nisa. Na daman nan shi ya rage miki. In kika ci gaba da zama cikin hayaƙi, shi ma zai bi ɗan'uwansa."

A motar dawowa Asibi ta jingina kanta da gilashi. Can ta ce, "To in na bar banda, Malam, me za mu ci?" Ba da faɗa ta yi maganar ba, gajiya ce kawai ta shekaru ta fito. Abin ya yi wa Balarabe ciwo ƙwarai, domin duk halinsa yana son matar nan.

Da motar ta tsaya sauke fasinja a wani gari a hanya, sai ya hangi wani mai sayar da kifi yana banda a cikin duro. Ya sauko ya je ya duba. Duron ƙarfe ne a tsaye, gawayi a ƙasa, kifi a kan raga a sama, an rufe da murfi, ɗan hayaƙin da yake tashi yana fita ta wani bututu can sama da kan mutum. Mai kifin kuwa yana gefe a inuwa yana sauraron rediyo. Balarabe ya dawo mota yana rawar jiki ya ce, "Asibi, an gama. Kin bar hayaƙi."

Kashegari ya sayi tsohon duro a wurin masu gwangwan. Ya tambayi mai shi me aka taɓa zubawa a ciki, ya ce wallahi bai sani ba, daga wani kamfani a birni ake kawo su. Ya ɗaure shi a bayan babur ya kai wa Zakari mai walda a bakin titi. Zakari ya cika duron da ruwa tukuna kafin ya kusance shi da wuta, sannan ya yanke samansa ya mayar da shi murfi mai mariƙi. Ya fasa 'yar ƙofa a ƙasa inda za a tura kaskon gawayi, ya huda ƙananan ramuka don iska, ya liƙa guntayen rodi a ciki inda ragogi za su zauna hawa-hawa, ya kafa bututu a kan murfin. Balarabe yana tsaye a kansa, yana tambayar ko an kusa, har Zakari ya gaji da amsawa.

Da ya gama, ya goge hannu ya ce, "Baba Balarabe, nawa aikin ya ƙare, saura naka. Ka ga jan fentin nan na ciki? Ba mu san abin da duron nan ya ɗauka ba, shi kansa fentin ba abin haɗawa da abinci ba ne. Ka cika shi da kara da ice ka banka masa wuta, har fentin ya ƙone ya zube, ƙarfe ya fito fili. In ya huce ka dirje da yashi, ka shafe da man gyaɗa, ka sake hura gawayi a ciki ba komai. Sannan a sa kifi."

"Duk wannan?" in ji Balarabe.

"Duk wannan. Aikin wuni guda ne."

"To ai saura kaɗan ke nan."

Zakari ya dube shi, ya san da wanda yake magana. Ya ce, "Baba, don Allah, wannan kaɗan ɗin shi ne aikin."

Balarabe ya kai duro gida da niyyar ƙona shi, wannan kam gaskiya ne. Amma damina ta yi tsakiya, ruwa ya sauko ya ƙi ɗaukewa. Karan bara da ke jingine a bayan gida ya jiƙe sharkaf, ice ma haka. Duro yana tsaye a ƙarƙashin rumfa, Asibi kuwa tana can wurin tsohon murhunta tana fama da ɗanyen ice, wanda hayaƙinsa ya fi na kullum yaji. Duk lokacin da Balarabe ya wuce ya gan ta tana share hawaye da bakin zani, sai ya ji kamar ana tsira masa allura. Da wani ne, da ya kwashi karan ya shigar ɗaki ya jira ya bushe. Shi jira ne ba ya cikin jininsa.

Ana nan sai wata ranar Laraba da yamma, Ladan masunci ya tsaya da babur a ƙofar gida ya ce ruwa ya kawo kifi, gobe da sassafe zai zo da mai yawa, a shirya. Asibi ba ta nan, ta tafi gaisuwar mutuwa a unguwar gabas. Balarabe ya tsaya ya dubi duro, ya dubi sama, ya dubi jiƙaƙƙen kara. Sai ya ɗebo ruwa da omo ya wanke cikin duron har ya yi ƙamshi. Ya zaro busasshiyar ciyawa daga ƙarƙashin jinkar rumbu, ya kunna, ya zagaya da ita bakin duron da cikin murfin, har wurin ya yi baƙi ƙirin. Daga kamu ɗaya zuwa ƙasa kuwa jan fenti yana nan yadda yake. Ya ce a ransa, zafin gawayi ai shi ma wuta ne, zai ƙarasa sauran.

Da Asibi ta dawo ya tare ta da albishir. Ta je ta tsaya a kan duron ta leƙa, ba ta ga komai ba sai duhu. Ta shafa bakinsa, ta kawo yatsunta kusa da idonta na dama, ta ga baƙi.

"Ka ƙona shi yadda Zakari ya ce, Malam?"

"Ba ga shi kin gani a hannunki ba?"

"Da wane icen, alhali komai a jiƙe yake?"

"Ke dai ba a gama miki ba? Na samo busasshe."

Sai ta ce, "To, Allah ya saka da alheri." Ta yarda da shi, domin mijinta ne, kuma domin ba ta da idon da za ta ƙaryata shi. Balarabe ya san da haka sarai lokacin da yake zagaya ciyawar, kuma wannan shi ne mafi muni a cikin abin da ya aikata.

Da safe Ladan ya kawo kifi. Asibi ta gyara, ta jera a ragogi, aka hura gawayi aka tura kasko, aka rufe. Sai ta rasa abin yi. Ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a gindin darbejiya, ta miƙe ƙafafu, ta zauna tana jan carbi. Rabon da ta yi banda idonta a bushe har ta manta. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Ashe haka masu hutu suke ji." Balarabe ya ji daɗin maganar har cikin ransa, ya kusa manta abin da ya ɓoye.

Da rana ta take, wani wari ya fara fita ta bututun, mai kama da na robar da ta faɗa wuta. Asibi ta ɗaga hanci ta ce, "Malam, wannan ba ƙamshin kifi ba ne."

"Warin sabon ƙarfe ne da walda. Haka mai kifin can ya ce yana yi a farko." Mai kifin bai taɓa faɗa masa haka ba.

Da aka buɗe, kifi ya fito jawur yana sheƙi, ba irin baƙin kifin murhun ice da aka saba gani a garin ba. Kyan ɗan maciji ke nan. A al'adarta Asibi ba ta sayar da banda sai ta ɗanɗana, amma ranar Alhamis ce, tana azumi. Ta ɓanƙaro gefen tarwaɗa ta miƙa wa maigidan. Ya tauna, ya ji wani ɗaci ya kama masa harshe ya gangara maƙogwaro. Nan ne Allah ya ba shi dama ta ƙarshe. Ya juya baya ya tofar, ya ce, "Ya yi daɗi."

Kafin la'asar labarin jan kifin Asibi ya zagaya gari. Barakatu mai tuwo a tasha, wadda ta fi kowa daɗewa tana sayen kifi a gidan, ta kwashi fiye da rabi, har da na farfesun 'yarta mai jego. Sauran matan unguwa suka wawashe. Ko da aka kira magariba, babu ko kan kifi da ya rage wanda Asibi za ta sha ruwa da shi.

Washegari da hantsi Barakatu ta yi sallama. Ba ta zauna ba, ba ta karɓi ruwa ba. Idanunta sun faɗa, muryarta ta dushe.

"Yaya Asibi, me na yi miki?"

"Lafiya, Barakatu?"

"Ina lafiya. Duk wanda ya ci miyata jiya ya kwana yana amai da ciwon kai. Direbobi sun zo sun yi mini tas a gaban jama'a. 'Yata tana asibiti an sa mata ruwa, jaririn yana ta kuka ba nono. Gidan mai unguwa ma haka, gidan liman haka. Shekara da shekaru ina saye a hannunki ido rufe." Ta ajiye kwanon sauran kifin a ƙasa, ta juya ta fita.

Asibi ta tashi a hankali ta nufi duron. Ta cire murfi, ta fitar da ragogin, ta naɗe hannun riga ta zura hannunta har kafaɗa. Abin da ta taɓo ba toka ba ce. Wani abu ne mai danƙo, fentin da ya narke ya yi ƙuraje ya tsiyaye. Ta kawo yatsun kusa da idonta na dama, ta daɗe tana kallon jan. Balarabe yana tsaye a bayanta, ya shirya jin faɗa, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Malam, ka san ba na gani sosai." Ta ɗauki buta ta wanke hannu, ta yafa mayafi ta tafi asibiti duba mai jego.

Allah ya taƙaita, babu wanda ya rasa ransa. Da rana ta fito, Balarabe ya shanya kara, ya cika duro ya banka masa wuta. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe har maƙwabta suka fito kallo, fenti ya ƙone ya zube. Ya dirje da yashi har tafin hannunsa ya saɓule, ya shafe da man gyaɗa, ya hura gawayi ba komai a ciki. Aikin da ya guje wa bai kai shi la'asar ba. Ya kira Zakari ya duba, Zakari ya ce yanzu kam ko jariri aka yi wa abinci a ciki babu laifi.

Amma ihu ne bayan hari. Kifin da duron ya fitar daga baya ya fi kowane kifi daɗi, sai dai ja ne, kuma duk garin an san ja. Balarabe da kansa ya ɗauki tire ya kai kasuwa, ya tsaya yana ci a gaban mutane yana rantsuwa. Mata su leƙo, su ga launin, su ja mayafi su wuce. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ya gwada kasuwannin maƙwabta, ya tarar direbobin tasha sun riga shi kai labari. Barakatu, da zuciyarta ta huce, ta aiko a gaya wa Asibi cewa ita ba ta riƙe ta ba, amma masu cin tuwonta sun ce in ba baƙin kifi na murhun ice suka gani ba, ba za su ci ba.

Hatsin rumbu ya ƙare, sabo bai nuna ba. Wata safiya Balarabe ya fito ya tarar da Asibi ta kwaɓa ƙasa tana gyara tsohon murhunta inda ruwa ya zubar.

"Asibi, likita fa ya ce..."

"Na ji abin da likita ya ce, Malam. Ina wurin."

"Bari ni in riƙa yi."

Ta bar masa. Ya zauna a gaban murhu, amma kafin a jima ya ga wuta ba ta sauri, ya ƙara ice. Kifi ya ƙone a waje, ciki ɗanye, kashegari ya yi tsutsa. Ya sake gwadawa, ya sake ɓatawa. Gidan da babu hatsi ba ya jure asarar kifi, don haka Asibi ta karɓi kujerarta. Ta koma cikin hayaƙi, tana juya kifi tana share ido, damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta zo. Duron yana nan a bayan ɗaki. Ko ruwan sama ba ya tarawa saboda ƙofar da aka fasa masa, kaji ne suke ƙwai a ciki.

A ƙarshe dai Balarabe ya koyi banda, don ranar da dole ta sa shi ta zo: idon Asibi na dama ya bi ɗan'uwansa. Yanzu shi yake zama a gaban murhu tun hantsi, yana yayyafa ruwa, yana tura ice ɗaya bayan ɗaya, ba ya gaggawa. Asibi tana gefe a kan tabarma, da hanci take gane lokaci, ta ce, "Juya, Malam," ya juya. Baƙin kifin gidan ya dawo da sunansa, kuma an daina kiransa Saura-Kaɗan, sai dai babu wanda ya yi murnar hakan.

Wata rana autarsu ta zo wankan gida da sabon jariri. Aka miƙa wa Asibi shi. Ta rungume shi, ta kawo shi daf da fuskarta ta ɓangaren dama kamar yadda ta saba, ta juya shi wajen haske, sannan ta haƙura. Ta bi goshinsa da hancinsa da ɗan bakinsa da yatsunta masu warin hayaƙi. Sai ta juyo wajen da take jin motsin mijinta ta ce, "Malam, duba mini. Da wa ya yi kama?"

Balarabe ya duba. Yaron idanun kakarsa ya ɗebo, manya, farare tas, irin waɗanda Asibi take da su ranar da aka kawo ta gidan. Ya kau da kai. Ya koma gaban murhu ya zauna, ya sa fuskarsa cikin hayaƙi, don kada 'yarsa ta tambaye shi abin da ya sa yake hawaye.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, aiki bai ƙare ba sai an yi ɗan abin nan na ƙarshe da rai yake ƙi, kuma sau da yawa shi ne yake ɗauke da sauran. Balarabe ya yi niyyar alheri, amma niyya ba ta ƙona fenti, kuma haƙurin wuni guda da ya kasa ya jawo wa matarsa duhun sauran rayuwarta. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Wanda gaggawa ta sa ya tsallake wani mataki, to ya faɗi gaskiya tun da wuri, kada ya rufe da ƙarya, balle ga wanda ya amince masa don ba shi da ikon dubawa da kansa. Amanar mai rauni ta fi kowace amana nauyi, kuma sunan kirki in ya zube, gyaran da aka yi daga baya ba lalle ya dawo da abin da aka rasa ba.